Ɗakin Inna da Kalilu Ya Auna

Yau kwana arba'in da rasuwar Kalilu magini. Abokina ne tun muna yara a Daddara. Ni na shiga awon hatsi a bakin iyaka wajen Magama, shi kuwa ya gaji ubansa a ginin ƙasa. Ban yi nisa a karatu ba, amma na ga ya kamata in rubuta abin da na sani game da shi, ko don 'ya'yansa su riƙe.

Lokacin da muka taso, magini mutum ne mai daraja. Kalilu ya iya jera tubali, ya iya ɗora azara, in ya yi yaɓe da makuba sai bango ya shekara goma ruwa bai taɓa shi ba. Daga baya bulo da kwano suka shigo, masu hali suka daina neman irinsa. Abin da ya rage masa shi ne duba tsofaffin gidaje, musamman na unguwarmu da ke gangare kusa da dam ɗin Jibiya. A wajenmu ƙasa ba ta bushewa sosai. In dam ya cika, danshi na bi ta ƙarƙashi ya hau gindin bango, ya bar wani farin gishiri da ke cin ginin a hankali.

Da bazara ake kiransa. Zai zo da guntun ƙarfensa, ya tsuguna a gindin bango, ya ƙwaƙuli ƙasar da farce ya shinshina. Daga nan ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a kusa. Yakan soki bakin azara ya ga ko gara ta shiga, in akwai tsani ya hau soro ya leƙa indararo. In ya gama sai ya faɗi gaskiya, ba ya rage komai. Masu gida su ba shi ruwa, su yi godiya, su ce Allah ya kiyaye, sannan su bar gidan yadda yake. Wannan ne ya gajiyar da shi fiye da aikin. Ya taɓa ce mini, "Lado, ni fa likita ne da ake kira don a ji sunan ciwo kawai."

Babu abin da ya tsana kamar a shafe bangon ƙasa da siminti. Yakan ce bangon ƙasa numfashi yake yi, in ka rufe shi danshin ba ya da hanyar fita, sai ya zauna ciki yana ruɓar da ginin, waje kuwa sumul. Na ji wannan magana daga bakinsa ya fi sau ɗari. Duk da haka ni ma na aikata.

Mahaifiyata, Inna Safara'u, tana zaune a ɗakin da mahaifina ya gina mata shekara hamsin da suka wuce, a kusurwar gidan da ta fi gangarowa wajen ruwa. Idonta ya rufe shekara shida ke nan. Na ga bangon ɗakin yana zubar da ƙasa, maƙwabta duk sun shafe nasu, sai na ji kunya. Na jira Kalilu ya tafi wani aiki a Maraɗi, na sa aka shafe shi da siminti ciki da waje. Da ya dawo ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, "Ka sa wa mai ƙurji riga mai tsada."

Damina biyu ta wuce lafiya. Bana da bazara Kalilu ba shi da lafiya, ƙafafunsa sun kumbura, a asibiti an ce ƙoda ce. Ban kira shi ba, shi ya zo da kansa, yana tafiya yana hutawa. Ya ƙwanƙwasa bangon ɗakin Inna, ni kaina na ji ƙarar kamar ta gorar da babu komai ciki.

Inna ta ce daga ciki, "Wane ne ke bugun ɗakina kamar na ci mashi amana?"

"Ni ne, Inna, Kalilu."

"Mai baƙin labari. To faɗi, ai ba ka zuwa da alheri."

"Inna, ɗakin nan ba ya kai ƙarshen damina. Siminti ne kawai ke tsaye, ƙasar ciki ta mutu. Ki koma ɗakin bulon nan da ke can sama, wajen tudun gidan."

"Kai da ke jan ƙafa kamar tsohon jaki, kai ne za ka gaya mani wanda ba ya kai ƙarshen damina? Je ka sha magani."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Amma ta ƙi fita. Na roƙe ta, matata Suwaiba ta roƙe ta, har limamin unguwa na kawo. Amsarta ɗaya ce, nan aka kawo ta, nan za a ɗauke ta. Mun ɗauka don mahaifina ne take yi. Hadari kuwa ya fara haɗuwa ta gabas kowace yamma, ni kuma dare ya yi ba na iya barci.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Kalilu ya dawo. Bai yi mata maganar tashi ba. Ya zauna a bakin ƙofa yana taya ta hira har la'asar, yana kallon yadda take motsi. Da muka fito zaure ya ce, "Lado, kai ɗanta ne amma ba ka duba ba. Daga gadonta zuwa randa taku huɗu ne. Hannunta na bin bango, ya sami ƙusa, ta ɗauki carbi. Ta san tsawon dokin ƙofa, ba ta tuntuɓe. A ɗakin nan tana gani. In ka kai ta wani ɗaki, ranar za ta makance, ko buta sai ta kira Suwaiba. Wannan take gudu, kuma ba za ta faɗa maka ba."

Kunya ta kama ni. Na ce to yaya za a yi. Ya ce in nemo igiya.

Kwana shida muka yi. Ba ya iya tsayuwa, sai aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida yana ba da umarni. Ya auna komai na tsohon ɗakin da igiya, yana ƙulla ƙulli. Ɗakin bulo ya fi faɗi, ya sa aka ja ƙaramin bango a ciki aka rage shi. Ƙofarsa tana duban kudu, ya sa aka toshe aka fasa wata ta gabas, yadda rana za ta taɓa ƙafarta da hantsi kamar yadda ta saba. Aka kafa ƙusa a daidai kafaɗarta, aka kawo gadonta da randarta aka ajiye yadda suke a can. Dokin ƙofa kuwa ya ce ba mai taɓa shi sai shi, ya rarrafa ya gina shi da hannunsa, gumi na zuba. Na ce ya bari, ya ce, "Ka koma wajen mudunka, nan ba fagenka ba ne."

Da aka gama ya ce, "Inna, zo ki duba mani aikina, ki faɗi inda na yi kuskure. In kin samu, ki koma ɗakinki, ba mai hana ki."

Ta ce, "Ai kuwa zan samu."

Ya riƙe mata hannu zuwa sabon ɗakin, har bakin gado, ya sake ta. Ta tashi, ta yi taku huɗu, hannunta ya sauka a kan murfin randa. Ta bi bango, ta sami carbinta. Can ta ce, "Gaya wa abokinka ya kawo mani tabarmata." Ba ta faɗin sunana, ni ne ɗanta na fari.

Washegari muka rushe tsohon ɗakin. Da aka fasa simintin, ƙasar ciki ta zubo a jiƙe kamar dusar da aka kwaɓa, azara uku kuwa da hannu aka karya su. Kalilu bai zo ya gani ba, jikin ya tsananta. Bayan mako uku, ruwa na farko ya sauka da kwana biyu, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Inna tana ɗakinta na sama, ruwa na ta zuba, ni kuma ina barci. Ranar da na kai mata labarin rasuwar ba ta yi kuka a gabana ba. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Dokin ƙofar nan ya ɗara na da da yatsa ɗaya. Tun ranar farko na ji. Na bari ne sai ya warke in tsokane shi."