Gungumen Magaryar Gidanmu

Baba ne ya haɗa injin faskaren da hannunsa, a unguwar Nakkasa ta Makka, tun ina ƙarami. Ya sayo jak ɗin tifa a tashlih, inda ake farfasa matattun motoci, ya kwantar da shi a kan dogon ƙarfen gini, ya yi waldar bakin gatari a ɗaya ƙarshen. Famfon mai daga tsohuwar katafila ya fito, tankin kuwa tukunyar gas ce. Sandar jak tana tura itace, gatarin yana tsaga shi. Da shi muke faskara wa masu dafa shinkafar mandi itace. Da Baba ya rasu na gaje shi tare da ƙa'idojinsa.

Ƙa'idojin huɗu ne. Ta farko, a duba mai kafin a tayar. Ta biyu, a bi tiyo da tsumma a ga ko yana tsattsafo, ba da tafin hannu ba. Ta uku, in an kashe a juya hannun inji sau uku, a sauke ƙarfin da ya rage. Ta huɗu ita ce babba. Akwai noti a jikin bawul wanda yake ƙayyade iyakar turi. Baba ya ɗiga masa jan fenti, ya ce kada a wuce nan. An daina ƙera irin jak ɗin. In sandar ta lanƙwashe, inji ya mutu ke nan, kuma ban da shi ba ni da wani abu na Baba da ya rage.

Shekarar da rusau ya kai layinmu, na riga na kwashe injin zuwa wani hoshi, fili mai katanga, da na kama a bayan Rusaifa. Na koma ganin gidan bayan an gama da shi. Babu bango ko ɗaya. Magaryar da take tsakar gida tana kwance, katafila ta tumɓuke ta. Na sare rassan da saiwar, na ɗora gungumen a mota na kai hoshi. Ya shekara guda a rana yana bushewa.

Yayata, wadda ta girme ni da shekara tara, takan biyo ta hoshin in ta fito kasuwa. Ranar da ta gane gungumen sai ta tsaya cak da ledarta a hannu.

"Auta, wannan na gidanmu ne?"

"Shi ne."

"Me za ka yi da shi?"

"Me ake yi da itace a nan, Yaya?"

"Ka bar shi. Itacen Harami ne, ba a sare shi. Ko ka manta a Makka kake?"

Na ce mata ban manta ba. Na farko, ba ni na kayar da shi ba. Na biyu, ya bushe. Na uku, na tambayi limamin masallacinmu ya ce busasshe babu laifi.

"Na farko, na biyu," ta ce, tana kwaikwayon muryata. "Kai ko ruwa za ka sha sai ka yi masa lamba. Halas, shi ke nan, na faɗa maka, ka bar shi."

Ba ta shiga shan shayi ba ranar. Ni kuwa ba na barin itace ba faskara a hoshina. Kowane abu yana da layinsa.

Da hantsi na ɗora shi a kan inji. Inji ya tashi lafiya, sanda ta fito, gatari ya shiga kamar faɗin yatsu uku, sai ya tsaya. Bawul ya fara kuka. Na ja baya, na juya gungumen ta ɗaya kan. Yatsu uku, ya tsaya. Na sauke shi na ɗora itacen samur, wanda ya fi magarya tauri nesa ba kusa ba. Ya tsage kamar rake.

Duk da haka na ɗauka laifin inji ne, na bi shi daki-daki. Na juye man, na tace shi da ƙyalle, ban ga ɓurɓushin ƙarfe ba. Na sa sabo. Na wanke rariyar tanki da fetur. Washegari na kwance jak ɗin, na zare sandar, na sauya robobin ciki, waɗanda wani mai juya ƙarfe a Utaibiyya yake yanka mini daidai awo. Na fitar da iska daga tiyo. Na wasa bakin gatarin. Bayan kowane gyara sai in gwada da samur, ya wuce, in ɗora magarya, ta tsaya a yatsu uku.

A kwana na huɗu na fara lura da wasu abubuwa, kuma zan faɗe su yadda na gan su.

Na bar gungumen a kan inji, sanda tana manne da shi, na tafi Azahar. Da na dawo sandar ta koma baya kamar taƙi guda. Inji a kashe yake, makullin ƙofa yana aljihuna. Na san jak yana iya zamewa in roba ta mutu, amma robar sabuwa ce, kuma a kwance yake, babu nauyin da zai ja shi. Na yi layi da alli a kan ƙarfen, na sake manna sandar, na zauna a inuwa ina kallo. Muddin ina kallo ba ta motsa ba. Na shiga ɗaki na sha ruwa na fito, ta bar layin.

Sai sanyinsa. A zafin Makka, da rana tsaka, ƙarfen injin ba ya taɓuwa, sauran itacen ma ɗumi gare su. Gungumen nan in ka ɗora hannu kamar gefen randa. Kuma kyanwar hoshin, wadda take kwana a ƙarƙashin inji tun zuwanmu, ta koma kan katanga, ba ta sauko ba ko da na ajiye mata abinci.

Ban gaya wa kowa ba. Na ce wa kaina zafi ne yake buɗa mai, inuwa ce take sanyaya itace. Babu inuwa a wurin.

Ranar Asabar bayan La'asar na ɗauki sifana na tsaya a kan notin. Fentin ya dushe amma ana ganinsa. Na juya kwata. Na tayar, na tura, ya tsaya. Na ƙara kwata. Kukan inji ya sauya, ya yi ƙasa, tiyo ya miƙe ya yi tauri. Na san abin da nake yi. Na ƙara rabi.

A daidai nan Yaya ta turo ƙofa.

"Kashe! Auta, kashe shi!"

Ban kashe ba. Gungumen ya yi wata ƙara, doguwa, ba irin ta itace ba, sannan ya buɗe gida biyu. Nan take sandar ta karkace, mai ya fashe ta bakin jak ya wanke mini riga. Injin ya mutu da kansa.

A tsakiyar itacen, daga ƙasa har kusan sama, akwai ƙarfen rodi, kaurin babban yatsa, baƙi ƙirin. Itacen ya girma ya haɗiye shi. An lanƙwasa kansa kamar ƙugiya, kuma a jikin ƙugiyar akwai ragowar waya a murɗe da wani abu kamar ƙyalle, wanda ya zama gari da na taɓa.

"To ga dalili," na ce. "Ƙarfe ne kawai. Baba ya kafa wa dashe."

Yaya ta zauna a kan tulin samur, abin da ba ta taɓa yi ba saboda abayarta.

"Ba dashe ba ne. Babu wanda ya dasa ta. Da kanta ta fito, shekara guda bayan an kafa ƙarfen."

"An kafa shi don me?"

Ta dubi man da yake bin ƙasa.

"Ku biyu aka haifa," ta ce. "Kai ka yi kuka, shi bai yi ba. A ɗaki Inna ta haihu. Lokacin ba su da takardar zama, ita da Baba, suna tsoron a fita da shi a tambaye su. Baba ya yi masa wanka ya haƙa rami ya binne shi a tsakar gida. Ni na riƙe masa butar. Ya kafa ƙarfen don kada a taka wurin, ya ce in na faɗa bai yafe ba. Shi ya sa ba a sa maka sunan 'yan biyu ba."

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini tun ranar farko.

"Kai ana faɗa maka magana? Ai da sai ka tambayi liman."

Na auna sandar da zare washegari. Ta lanƙwashe fiye da abin da ake miƙarwa, kuma ta kankare cikin jak ɗin. Mai juya ƙarfen ya duba ya girgiza kai. Na zagaya tashlih uku ban samu irinta ba, na daina nema. Yanzu faskararre nake saro wa masu mandi.

Ban zare ƙarfen ba. Na haɗa ɓarin biyu yadda suke, na ɗaure da waya a wuri uku, na ɗora a mota. Ni da Yaya muka hau Nakkasa da safe. An baje wurin, an zuba tsakuwa, ko layin ba a ganewa. Ta tsaya ta dubi dutse, ta ce nan ne. Ta yi taku goma ta ce a'a, nan ne. Sannan ta nuna wani wuri can gefe, ta sauke hannunta.

Muka yi addu'a a duka ukun. Gungumen na sauke shi a na tsakiya, na kwantar da shi yana fuskantar alƙibla.