Hannun Mai Aski

Shagon mai askin bai fi ɗakin girki girma ba: kujera mai juyawa, madubi da ya tsage a gefe, sai bencin masu jira. A nan ya ci ƙuruciyarsa, a nan furfura ta same shi. A da, in ya ja wa mutum layi a goshi, sai ka rantse da rula ya auna.

Rawar hannu gado ce a gidansu. Da ita mahaifinsa ya tsufa, amma shi manomi ne, fartanya babu ruwanta da rawar hannu. Reza kuwa ba ta da wannan haƙurin.

Abin haushin, in shi kaɗai ne a shago, hannun da sauƙi, har zare yana zurawa a allura. Da zarar mutum ya zauna ya zuba masa ido ta madubi, sai gabansa ya faɗi, yatsun su hau kaɗawa. Ranar da ya ɗan yanki wani a kunne, kafin la'asar labari ya zaga unguwa, har da masu cewa shaye-shaye ya fara. Mutumin da ko sigari bai taɓa kaiwa baki ba!

Likita ya rubuta masa ƙwayoyi, ya ce, "Baba, magani zai rage, amma sai ka ajiye damuwa."

"To likita, a ina ake ajiye ta?"

Likita ya yi dariya, ya kira na gaba.

A gida matarsa ta koma zuba masa shayi rabin kofi. Wannan ya fi masa zagi ciwo.

Tsofaffin abokan cinikinsa ba su guje shi ba. Kullum sai sun cika benci, a sha hira, a tsokani juna, amma babu mai hawa kujera. Saura mutum ɗaya ya rage masa, wani direba amininsa, wanda ya sha rantsuwa babu mai taɓa kansa sai shi. Rannan direban ya shigo da hula har kunne. Ana cikin hira zafi ya ishe shi, ya manta, ya cire yana fifita. Aski sabo fil, layi tsaf.

Kunya ta rufe direba.

"Wallahi tafiya ce ta kama ni, mutumina..."

Mai aski ya matso, ya kama kan da hannunsa mai rawa, ya duba ƙeya, ya duba bayan kunne, yana neman kuskure ko guda. Bai samu ba.

"Ya iya," in ji shi. "Ka riƙe shi."