Hoton da kuke turawa ba na Mushe Abarshi ba ne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mushe Abarshi ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina buɗe rumfata a kasuwar Konni, makulli a hannu. Ɗiyarsa Hadiza ce ta kira. Ta ce bayan sallar asuba ya ce ƙirjinsa na mishi nauyi, kafin a isa likita da shi Allah ya yi ikonsa. Mun kai shi makwancinsa kafin azahar.

Na so in zauna in yi kukana kamar kowa. Ba ku bar ni ba.

Jama'a, hoton da kuke ta turawa tun safe, tsohon nan mai malfa riƙe da albasa, kuna rubuta "Allah jiƙan rai" a ƙasa, BA MUSHE BA NE. Wannan Baba Nomau ne, mai garka, lambun albasa, a Badaguishiri, kuma shina nan da ransa. Mushe ne ya ɗauke shi bara, hoton ya yi mishi kyau, ya sa a profil ɗin wayarsa. Wani mai gaggawa ya kwaso daga can, gurup ya miƙa wa gurup.

Muna hanyar maƙabarta Baba Nomau ya kira ni.

"Lawali, kai da ka san waya, wai mutuwa na yi?"

"Baba, kai za a tambaya."

"To ni dai na taso daga ban ruwa na iske mata cike da gida suna kuka. Har an kawo hatsin sadaka. Ɗiyata ta Sakkwato an ce ta shiga mota tana hanya, wayarta ba ta shiga. Ku gyara abinku, in ba haka ba wani zai mutu da gaske."

Na bi gurup-gurup ina rubuta ba shi ba ne. Amsa ɗaya nake samu: "To ina nashi?" Na gane mutanenmu ba su sakin hoto sai an ba su wani.

Kuma duk duniya a rasa wanda za a yi wa wannan sai Mushe!

Ga wanda bai san shi ba: malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa muke ce mishi Mushe, ya daɗe shina koyarwa a Malbaza. Da ya yi ritaya ya sayi kamara da wata tsohuwar ordinater, kwamfuta ke nan, ya shiga ƙauyuka shina ɗaukar hoto da murya da bidiyo. Ɗaukar ba ita ce fitinar ba. Fitinar ita ce kowane hoto sai ya buɗe shi a ordinater ya cika wasu gurabe da ke ɓoye cikinsa: wa ke ciki, ɗan wa, wane gari, wace rana, mi ake yi, wa ya ɗauka. Kai ba ka ganin rubutun a kan hoton, na'ura ce ke karantawa. Murya da bidiyo kuma minti-minti yake bin su, nan wance ta fara, nan wane ya karɓa.

Ni kuwa sana'ata tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi a kart memwar na waya. Duk abin da ke cikin kart ɗina lamba ce sunansa. Mushe zai zo ya zauna kan bencina, ya sha shayina, ya zagi aikina.

"Lawali, wannan wa ya rera?"

"Mushe, mai saye bai tambaya ba."

"Na'ura ba ta da ido, ba ta da kunne. Abin da ka rubuta mata shi ta sani. Kai kuma ka bar ta jahila kamar ka."

In ka tura mishi hoto yadda kowa ke turawa, sai ya kira ka. Wai haka nan rubutun ciki ke goguwa a hanya, sai dai a tura a matsayin dokima, wato fayil ɗin yadda yake. "Sake turowa, wannan maraya ka turo mini." Mutum ya ƙona maka kiredi kan hoton rago.

Wallahi ya gajiyar da ni. Sau nawa in na hango shi tafe nake cewa maƙwabcina ya ce na tafi iyaka.

Amma shekarar da innata ta rasu, ina zaman makoki, ya zo da ordinater a jaka. Ya tambaye ni sunanta na yanka da garin da anka haife ta. Na ce Zainabu, Dogarawa. Ya buga. Kafin shayi ya huce ya sa mini abin ji a kunne: mata ne ke waƙar daka wurin wani biki, kuma a daidai mintin da ya rubuta, muryar inna ta fito ita kaɗai. Ban ma san ta iya waƙa ba.

Sai da na share ido ya ce, "Da lamba na sa mata, da yau kana ina?"

Ko a makoki sai ya ci ni gyara.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar kasuwar da ta wuce. Mutum huɗu na jirana, shi kuma ya tsaya sai ya ɗauke ni hoto, wai bai da mai tura waƙa a tarinsa. Ya ɗauka, sannan tambaya ta tashi. Sunan uba. Shekarar da na kama rumfa. Na ce, "Mushe, jandarma ma iyakarsu kart dantite, katin shaida." Ya ce, "Jandarma yau suke nemanka. Ni jikanka nake yi wa aiki."

Na ce ya tafi ya bar ni in nemi abinci. Maganar da na yi mishi ta ƙarshe ke nan. Allah ya yafe mini.

Da munka dawo daga maƙabarta na ce wa Hadiza a nemo hotonsa ko ɗaya. Babu. Mutumin da ya ɗauki rabin ƙasar nan, nashi sai na kart dantite, wanda tambari ya cinye rabin fuska.

Hadiza ta ce, "Kawu, mu tambayi ordinater ɗin. Baba cewa yake ba ta mantuwa."

Munka buga sunansa a gurbin "mai ɗauka". Hotuna sunka zubo ba iyaka. Munka buga a gurbin "waɗanda ke ciki".

Ɗaya.

Hotona ne, na ranar kasuwar nan, na ɗaure fuska. A ciki ya rubuta: "Na ɗaya, Lawali ɗan Mamman, mai tura waƙoƙi. Na biyu, Abarshi ɗan Gado, cikin madubin da ke rataye bayan Lawali, gefen hagu."

Munka buɗa hoton. Ga shi nan sarai, kamara a ƙirji, yatsa a sama, baki buɗe. Faɗa yake mini.

Hadiza ta yi dariya har ta koma kuka. Ni ma haka.

Shi ne hoton da ke ƙasan rubutun nan. Ban yanke kaina daga ciki ba, don na san abin da zai ce. Mai ɗaure fuskar ni ne, kuma ina da rai, kar wani ya kawo hatsi gidanmu. Na cikin madubin shi ne Mushe Abarshi ɗan Gado, malamin lakwal, Malbaza.

Ku goge na Baba Nomau yanzu. Ɗiyarsa ta iso, ta iske shi shina cin tuwo.

Allah ya jiƙan Mushe, ya yafe mishi kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Yadda bai bar bayinka su ɓace ba suna ba, Allah ka kira shi da sunansa cikin mutanen aljanna. Allah ya ba Hadiza da 'yan uwanta haƙuri.

Duk wanda ya karanta ya yi mishi addu'a, ya ambaci sunansa daidai. Wanda ke son hoton kuma ya yi mini magana in tura mishi a dokima. Kar ku mayar da shi maraya.