Kwalabe uku da tafiyata Fayyum

Ana sallame sallar asuba ranar Talata muka bar Ainu Shams, unguwarmu a Alƙahira, ni da mai gadin gidanmu, wanda ɗan Fayyum ne. Shi ganin gida zai je, ni kuwa tambaya ce ta fitar da ni.

Shekara biyu ke nan ina rataye kwalabe uku a barandarmu, a hawa na huɗu. Ruwan sukari nake zubawa, na huda murfin na sa ɗan jan bututu. Wasu ƴan tsuntsaye masu siririn baki ke zuwa sha, irin waɗanda nake gani a gonar mahaifina a Sudan ina yaro. Da Oktoba ta kama, dattijuwar da ke ƙasanmu ta tare ni a matakala. Ta ce ruwan na ɗiga kan shanyarta. Wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da ta ce, “Ya Hajj, kana riƙe su da zaƙi. Lokacin tafiyarsu ya yi. Sanyi zai same su a nan su mutu, alhakin kuma a wuyanka.” Uwargida ta goya mata baya, aka ba ni zuwa Juma'a in sauke. Mai gadi ya ce kafin nan mu je wurin kawunsa, tsoho mai kiwon zuma, wanda ya san tsuntsu kamar yunwar cikinsa.

Jirgin ƙasa muka fara hawa, tikiti fam ɗaya, muka sauya wani zuwa Giza. Daga nan sai ƙaramar bas. Direban ya rantse mutum biyu kawai suka rage, muka zauna har rana ta fito. Ban damu ba, na sayi ful da ɗa'amiyya, wato dafaffen wake da ƙosansu, a cikin burodi mai zafi, na ci a natse. Da muka kama hanya dalar Fir'auna ta bayyana ta taga, amma ba wanda ya ɗaga kai sai ni. Daga nan rairayi ne zalla. Na yi ta gwada karanta allunan hanya, kafin in haɗa baƙi uku mun wuce. A shingen bincike soja ya duba takarduna, ya tambayi abin da zai kai ni Fayyum. Na ce tsuntsaye. Ya dube ni, ya dubi mai gadi, ya miƙo mini takarduna ya ce, “Allah ya ba da lafiya.”

Fayyum ta ba ni mamaki. Kana cikin hamada sai kawai ka faɗa cikin kore: dabino, zaitun, bauna a cikin ruwa, da manyan ƙafafun katako masu juyawa suna ɗebo ruwa suna kuka kamar tsohuwar ƙofa. Tumatir da agwagi sun fi na Alƙahira araha nesa ba kusa ba. Mun ƙarasa ƙauyen kawun nasa a keke mai ƙafa uku, kusa da wani babban tafki mai ruwan gishiri.

Tsohon bai bari na yi magana ba sai da aka kawo faɗir, wani burodi mai falle-falle da man shanu, da zuma da tsohon cuku mai gishiri. Sai da na ƙoshi na faɗi damuwata. Ya ja ni bakin tafki. Tsuntsaye ne birjik, wasu a ruwa, wasu a cikin kara.

“Dubi abincin da ke nan,” in ji shi. “Wa ya riƙe su? Na bazara sun tafi suka bar shi. Tsuntsu ba ƙarewar abinci yake jira ba, ɗana. Rana yake kallo. In yini ya gajarta, ko ka ɗaure masa buhun sukari zai tafi.”

Ya ce wasu daga cikin baƙina ƴan gida ne, ba sa yin nisa. Wasu kuma matafiya ne, sun tsallako teku za su gangara kudu, ta ƙasarmu. Ya tambaye ni yaushe na ga na ƙarshe. Nan na ciro littafina. A ajin koyon karatu na manya da nake zuwa a Hay el-Sabi', malaminmu ya ce kowa ya riƙa rubuta layi ɗaya kullum. Ni ba ni da labari sai na tsuntsaye, don haka kowace rana ina rubuta nawa suka zo. Na karanta masa, a hankali. Ya ce to ga amsata a hannuna: kada in sauke don wata ya kama, in sauke idan kwana goma sha biyar sun jeru ba baƙo. Wanda ya makara a hanya shi ya fi bukatar kwalbar.

Sai ya tambayi yadda nake haɗa ruwan. Na ce kamar yadda nake haɗa shayina, sai cokali ya kusa tsayawa, kuma ina ƙarawa a kan na jiya. Ya riƙe kai. Ashe laifina a nan yake. Ya ce awo ɗaya na sukari, huɗu na ruwa, a wanke kwalba duk bayan kwana biyu, don a zafi ruwan tsami yake yi ya cuce su. Mai gadi ya yi ta dariya, wai baƙo nake karramawa irin ta gida, har in kashe shi da alheri.

Bayan la'asar muka juyo, da kwalbar zuma da tsohon ya ƙi karɓar ko sisi a kanta. Cunkoson Giza ya riƙe mu, amma mun samu isha'i a gida. Zumar na kai wa dattijuwar ƙasa, na faɗa mata abin da na jiyo, na kuma mayar da kwalaben ɓangaren da ba shanya. Ta ɗanɗana ta ce, “Khalas, shi ke nan, kwana goma sha biyar. Ni ma zan ƙirga.”

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, na yi ta jin tsoron laifin da ban yi ba, alhali wanda nake yi kullum da safe ban gan shi ba. Kuma ba mai masauki ne ke yanke ranar da baƙi suka ƙare ba.

Kwana goma sha biyu na yi ina rubuta “babu”. Jiya da hantsi har na ɗauko kujera zan sauke, don na ga kwana ukun ba su da wani amfani, sai ga wani ɗan ramamme ya sauka a kan bututun. Ya sha, ya huta, ya sake sha, ya tashi ya yi kudu. Dattijuwar ta gan shi daga tagarta. Ta ɗago kai ta ce, “Ya Hajj, koma ɗaya.” Na mayar da kujerar, na buɗe sabon shafi.