Matar da Ke Rufe Kwamfuta da Kwali

A shagon kwamfuta, kusa da ni, wata doguwar mata ce zaune da auduga a kunnuwa. Ta rufe fuskar kwamfutar da kwali, ta bar 'yar kafa tana karanta sanarwar ɗaukar aiki layi-layi. Ina zaton otizim gare ta, lalurar da ke sa haske da ƙara su yi wa mutum rubdugu.

Mai shagon ya fizge kwalin. "Baiwar Allah, nan ba wurin wasan yara ba ne!"

Tallace-tallace na ta walƙiya, saƙonni na faɗowa. Ta runtse ido tana jijjiga jiki. Mu kuwa sai kallo.

Ya ɗora kwalin kan wata kwamfutar, wai kada ƙura ta yi mata yawa.