Irin Lokon da Yaya Alhasan Ya Bar Mini

Bana shekara goma ke nan da rasuwar yayana Alhasan, malamin daji, kuma har yau akwai wata kwalba a tagar ɗakina a Tudun Wadar Minna da ba na son haɗa ido da ita.

Lokacin da Minna ta zama babban birnin jiha, kowa na neman katako, shi kuwa yana gadin wani ɗan kurmi a bayan garin Paiko. Bishiyoyin loko, babban itacen nan na katako, huɗu ne a ciki, uku maza, ɗaya mace. Na sha yi masa tsiya, in ce yaushe itace ya yi jinsi? Sai ya ce, "Kai dai malamin makaranta ne kawai. Macen ce ke 'ya'ya, je ka duba gindinta."

Shi ya fahimtar da ni cewa loko ba baƙo ba ne a nan. A zamanin da, in ji shi, ruwan sama ya fi na yanzu yawa, dajin kudu ya kawo har ƙasarmu. Da ruwa ya ja baya sai dajin ya bi shi, ya bar 'yan tsiraru a kwazazzabai masu laima, kamar kifin da kogi ke bari a kududdufi. Kowane kurmi ya yi nisa da ɗan'uwansa. In macen ta tafi, babu wata kusa.

A shekarar da aka yi fari ciwon ajali ya kwantar da shi. Ya sa aka tsinto 'ya'yan macen, ya wanke irin da hannunsa, ya damƙa mini a ƙunshi. "Ƙanena, ka shuka," ya ce. Bai ƙara komai ba, numfashi ya yi masa wuya.

Ni kuwa, ɗan manomi wai mai wayo, na yi wa irin gata. Na shanya shi ya bushe ƙayau, na gauraya da toka, na toshe a kwalba kamar yadda muke wa irin wake. Na ce sai ruwa ya daidaita. Ashe irin loko ba ya jira! Damina biyu ta wuce kafin in shuka rabi, ko tsiro ɗaya ban gani ba. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani: da na koma kurmin neman sabo, masu zarto sun riga ni. Kututturen macen na tarar, ya yi faɗin tabarma.

Da Yaya zai leƙo yau, me zai ce? Zai ga unguwar Kpakungu ta cika maƙil da rufi, ya tambayi inda aka samo katakon. Damina na zuwa a makare, rafin kurmin na ƙafewa da wuri. Amma ba na jin zai zagi masu zarto. Ni zai kalla, kuma wallahi wannan kallon nake tsoro.

Watan jiya na je kurmin. Mazan uku na nan, sun yi fure, iska na kwasar garin furen ba inda za ta kai shi. Wata manomiya da ta san Yaya ta ce, "Malam, ina itacen da ya ba ka?"

Abin da ya rage nasa ke nan: ilimin da ya zuba mini, wanda nake koya wa ɗalibaina, da rabin irin da ke cikin kwalbar nan, wanda na kasa zubarwa. Allah ya jiƙan Yaya. Kalma biyu ya bar mini, "ka shuka", ni na ƙara ta uku, "gobe".