Gwiwar Baba Mai Tayil

Shekara talatin Baba mai tayil ya yi yana durƙuso a gidajen mutane yana shimfiɗa musu tayil. Da gwiwarsa ta dama ta fara ciwo tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sai ya ɓoye wa kowa, don ya sa a ransa yanke ƙafar za a yi. Wata safiya 'yarsa ta tarar ya kasa tashi daga bakin gado, ta tasa shi gaba sai asibiti.

Likita ta ɗaga hoton ƙashinsa ta ce, "Baba, guringuntsin gwiwar ne ya cinye. Shekaru ne da yawan durƙuso, ga kuma wannan tumbin."

"To, yaushe za a yanke?"

Ta yi dariya. "Tumbin za mu rage, ƙafarka tana nan."

Baba ya sauke ajiyar zuciya, har da ƙwalla. Aka ba shi maganin shafawa, aka koya masa motsa ƙafar kullum. Ciwon bai tafi duka ba, amma bayan wata uku ya koma aiki. Yanzu a kujera yake yanka tayil, abokin aikinsa yana shimfiɗawa.